Goge Kan Kaset

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata Alhamis a daminar 1979, ranar da na tsaya a gaban Babban Manaja da mutum wajen goma sha biyu ina danna maɓalli, talabijin yana kallona ina kallonsa. Kun ce in zo in ba ku shawara kan yadda ake kula da kwamfuta a gida, tunda an gaya muku wai ni tsohon hannu ne. To, shawarar za ku samu, amma a cikin labari take, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. Mai son dariya ya yi abarsa tun daga farko, don a ƙarshe babu.

A lokacin ina aiki da wani kamfanin haƙar kuza. Ba sai na faɗi sunansa ba, ya daɗe da mutuwa. Ɗakin gyaranmu yana kan hanyar Naraguta, muƙamina kuma ma'aikacin lantarki mai daraja ta biyu. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: daga ƙasa akwai lebura, sai mai daraja ta uku, ta biyu, ta ɗaya, sannan hedima, injiniya kuma yana can sama. Mai daraja ta biyu shi ne wanda ya iya aiki amma ba shi da takardar da za ta ce ya iya. Shekarata ashirin da shida, ina da mata da 'ya ɗaya, kuma babu abin da nake so a duniya kamar takardar nan.

Ogana shi ne Injiniya Kabiru. Ɗan Jos ne kamar ni, mahaifinsa tela ne, shi ne ma ya ɗinka mini kayan makaranta. Amma Injiniya ya yi shekara huɗu a Ingila, ya dawo Hausa ta yi masa nauyi a baki. In ya ce maka "sannu" sai ka ji kamar aro ya yi zai mayar. A cikin kayan da ya dawo da su akwai kwamfuta. Kada ku kawo wa ranku irin wadda ke kan cinyarku yanzu. Wannan wani faffaɗan akwati ne mai maɓallai irin na tafireta, sai ka haɗa shi da talabijin kafin ka ga abin da kake rubutawa. Ba ta da wurin ajiya ko na ƙwayar zarra. Ka kashe ta, ko a ɗauke wuta, duk abin da ka rubuta ya tafi ke nan. In kana son ajiya sai ka jona rakoda, irin ta jin waƙa, ta ɗauke maka aikinka a kaset. In kuwa ka sa kaset ɗin a kunne babu abin da za ka ji sai ƙara, ƙiii, kamar gyare ya shiga gwangwani.

Sati uku tana gidansa ta ƙi nuna komai. Rannan ya sauke ta daga but ɗin mota ya ce, "Habu, duba wannan, ina jin jirgi ne ya jijjiga ta." Jirgi bai yi mata komai ba. Talabijin ɗinsa ne ba ya kama layin da take aikawa. Na je shagon Emeka, wani Inyamuri mai sayar da kayan rediyo wanda muka saba da shi tun muna samari, na samo abin da ya dace na sa. Da rubutu ya fito a gilashi sai Injiniya ya gyaɗa kai ya ce dama abin da ya yi zato ke nan. Daga ranar ta zauna a ɗakin gyara, tare da littafin da ya zo da ita. Littafin nan na cinye shi. Da hutun rana wasu na cin abinci, ni ina gefe da ƙamus ina fama da shi layi-layi.

Labari ya bazu cewa akwai talabijin da ake yi wa magana ya amsa. Haka muka zama 'yar ƙungiya ba tare da mun shirya ba. Ran Asabar rabin rana ake aiki, to bayan azahar sai a taru a ɗakin gyara, mu bakwai ko takwas. Akwai Emeka. Akwai Malama Ladi daga Anguwan Rukuba, mai koyar da lissafi, wadda ta fi mu duka saurin ganewa. Har da wani Alhaji mahauci daga Abattoir, wanda ba ruwansa da koyon komai, shi dai a sa masa wasan da ake buga ɗan ɗigo da sanda, ya yi ta ihu. Injiniya shi ne shugaba, tunda na'urarsa ce. Yakan zo ya buɗe taro da Turanci, ya yi minti goma, ya duba agogo ya tafi. Bai taɓa zama ya ga ina nuna wa mutane wani abu ba. Ina! Injiniya guda ya zauna a benci ɗaya da mahauci, mai daraja ta biyu yana koya masa?

Da mutane suka fara ɓata mana aiki saboda rashin sani, sai na rubuta dokoki a takarda. Da Turanci na fara rubutawa, don in burge. Injiniya ya karɓa a gaban jama'a, ya zaro jan biro, ya bi ta kamar malamin firamare, yana karanta kurakuraina da ƙarfi ana dariya. Ya miƙo mini ya ce, "Rubuta da Hausarka kawai, Habu, kada ka kashe mu." Na haɗiye, na koma na rubuta da Hausa. Hakan ma ya fi, don Hausar ce ta haɗa mu duka a ɗakin.

Dokokin nan, in kun cire kaset kun sa abin da kuke amfani da shi yanzu, yawancinsu suna nan da ransu. Na ce a riƙa ajiye aiki duk bayan rubu'in awa, don masu wuta ba sa sallama kafin su ɗauke. Na ce kowane aiki a ajiye shi a kaset biyu, kada a dogara da ɗaya. Kada a ɗora kaset a kan talabijin ko kusa da sifika, saboda maganaɗisun ciki yana cin abin da aka ɗauka. Kada a bar shi a mota cikin rana. Kada a sayi dogon kaset don rowa, zarensa siriri ne, rakoda za ta tauna shi. In an samu daidai ƙarfin muryar da kwamfuta ke ji, a ɗiga jan farce a wurin a jikin abin ƙara murya na rakoda, kada kowa ya sake murɗawa. Malama Ladi ce ta kawo mana jan farcen. In hadari ya taso, kun san tsawar Jos, a zare waya daga bango gaba ɗaya, kashewa kawai ba ta isa ba. Kada a ajiye kofin shayi kusa da maɓallai, wannan don Alhaji na rubuta.

Saura ɗaya da na tsallake, doka ta bakwai. Ga yadda na rubuta ta, harafi da harafi: "A goge kan kaset kafin a yi aiki mai muhimmanci." A cikin rakoda akwai wani ɗan ƙarfe mai sheƙi da zaren kaset ke gogawa a jikinsa, shi ke karanta abin da ke ciki. Mu masu gyara "kai" muke ce masa. In ya yi datti kwamfuta ba ta ji da kyau. Sai a naɗa auduga a tsinken ashana, a tsoma a sifirit, a goge shi. Duk wanda ke zama a bencin nan ya ga na yi haka da idonsa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na manna takardar a bango, na ba kowa kwafi, har da Injiniya. Ya linke ya sa a aljihu bai duba ba.

Yanzu ga inda aikin kamfani ya shigo. Kafin a haƙa wuri, ana tona ramukan gwaji, a wanke ƙasar kowane rami, a auna kuzar da ta fito. Daga nan akawu biyu su yi kwana da kwanaki suna lissafin ko filin ya cancanci haƙa. Na tambayi Injiniya ƙa'idar lissafin, ya rubuta mini a bayan ambulan. Wata uku na yi ina juya ƙa'idar nan zuwa yaren kwamfuta, abin da ku yanzu kuke kira manhaja, mu kuma furogiram. Ina rubutawa a littafi da fensir, in buga, ya ƙi, in gyara. Ranar da ya yi, aikin kwana huɗu ya fito kafin shayi ya huce. Malama Ladi ta bi lissafin da hannu ta ce babu kuskure. Na ajiye shi a kaset biyu, kamar yadda na koya wa mutane.

Injiniya ya ga abin, idonsa ya buɗe. Ya rubuta wa hedikwata a Legas. Amsa ta zo cewa Babban Manaja zai biyo ta Jos, zai ba mu awa ɗaya. In abin ya gamsar da shi, kamfani zai tura mutum ɗaya Legas kwas na wata tara a kan kwamfuta, da takardar shaida a ƙarshe. Injiniya ya kira ni ofis ya ce, "Kai za ka tafi, Habu. Ni me zan yi da wani kwas?" A gaban Baba Hedima ya faɗa. Baba Hedima shi ne babba a ɗakin gyara, abokin mahaifina ne tun suna leburanci, shi ya kawo ni kamfanin. Ranar na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Matata har ta fara tambaya ko Legas akwai sanyi, za ta saƙa mini hula.

Ran Laraba da yamma, ana gobe Manaja zai zo, na gwada komai sau uku, lafiya lau. Ina rufe ɗaki sai ga Injiniya. Ya ce a sa masa kwamfutar da rakoda da kaset ɗin duka biyu a mota, zai je gida ya bita, tunda shi zai yi jawabi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a bar ɗaya a nan?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Na'urar wa ce?" Na sa masa a mota.

Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya aka jera kujeru. Manaja ya zauna a tsakiya, dattijo ne mai furfura, ba ya yawan magana. An gayyato 'yan ƙungiya su cika wuri, Emeka har da taye. Injiniya ya yi jawabi mai daɗi, rabin awa cur, a ciki bai ambaci sunana ba sai da ya ce, "Yaro, kunna." Na sa kaset na farko, na ba kwamfuta umarnin karatu, na danna. Alamar da ke fitowa a kusurwar gilashi in tana karatu ba ta fito ba. Na mayar baya na sake. Shiru. Na duba ɗigon jan farce, yana wurinsa. Na ce a raina Alhamdu lillahi da na yi biyu, na sa na biyun. Shi ma shiru. Gumi ya keto mini, a sanyin Jos, da damina. Ina jin ƙarar kujera duk lokacin da wani ya gyara zama.

Manaja ya duba agogo ya tambaya da Turanci me ya faru. Kafin in buɗe baki Injiniya ya riga ni. Ya ce abin takaici ne, amma shi ya sha faɗa, irin waɗannan kaya ba a barin su a hannun ƙananan ma'aikata, da alama yaron ya lalata kaset ɗin garin wasa da su. Wai garin wasa! Manaja ya dube ni sau ɗaya, ya tashi. Awar da aka ba mu ta ƙare ke nan. Kafin la'asar masinja ya kawo mini kweri. Kweri takardar tuhuma ce, ana ba ka kwana biyu ka kare kanka a rubuce. In amsarka ba ta gamsar ba, sai a sa maka takardar gargaɗi a fayil, mai takardar gargaɗi kuwa ba kwas, ba ƙarin girma, sai bayan shekara biyu.

Kowa ya watse, saura ni da Emeka. Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Emeka ya ce da irin Hausarsa, "Habu, cire wannan waya, mu ji kaset da kunne. Ko ya mutu, mu san me ya kashe shi." Ai in wayar kwamfuta tana jone rakoda ba ta fitar da murya, shi ya sa babu wanda ya ji komai a taron. Na zare wayar, na mayar da kaset farko, na danna.

Maimakon ƙarar gyare sai muka ji fanka tana juyawa. Muka ji cokali yana bugun kofi. Sai muryar mace, matar Injiniya, tana cewa, "Wai me kake yi ne tun ɗazu?" Sai muryarsa, tangaran, da Hausa mai kyau irin ta gidan tela, babu ko ɗigon Ingila a ciki: "Kan kaset nake gogewa. Haka takardar yaron nan ta ce a yi kafin aiki mai muhimmanci. Yi shiru mana." Aka yi ta jin fanka har wajen minti ɗaya, sannan ƙarar furogiram ta shigo daga tsakiya, ba kai.

Kun gane? Ya zaro takardata a gida ya karanta doka ta bakwai. Ya ɗauka "kan kaset" farkon kaset ne, "goge" kuma a shafe abin da ke wurin. Sai ya mayar da zare farko, ya danna jan maɓallin ɗauka, ya shafe minti guda. Ya ɗauko na biyun ma ya yi masa haka, don shi mutum ne mai cika aiki. A na biyun har ana jin yana ƙirga daƙiƙa. Kwamfuta kuwa in ba ta ji farkon furogiram ba, sauran duk hayaniya ce a wurinta. Da ya taɓa zama a bencin nan sau ɗaya, da ya ga audugar. Da ya aiko direba ya tambaye ni, da kalma biyu ta ishe shi. Amma girman kai rawanin tsiya.

Emeka ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya daina, ya kama hannuna. Ya ce, "Manaja yana masauki har gobe da safe. Tashi mu je yanzu. Ka sa masa ya ji. Ba sai ka yi magana ba, kaset zai yi." Wallahi na miƙe. Har na ɗauki rakodar. Sai na ce bari in fara gaya wa Baba Hedima, don ba a yin babban abu a tsallake babba.

Baba ya saurari kaset ɗin a bayan ɗakin janareto, kansa a sunkuye. Da ya ƙare sai ya ce, "Habu, ɗana, gaskiyarka ce, ko makaho ya gani. Amma muryar matarsa tana ciki. Za ka kai muryar matar mutum gaban baƙo a yi dariya? Ubansa ya ɗinka maka riga. Gobe a masallaci ɗaya za ku yi sahu. In ka tona shi ka ci yau, amma garin nan ba zai manta cewa kai ne ka kunyata ɗan mutane ba. Je ka same shi a gida, kai da shi, ka ba shi abinsa. Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza." Ba na zargin Baba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya sani ya faɗa mini, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa.

Emeka ya ce in dai sai na je, to in ba da ɗaya in riƙe ɗaya. Na sa na farko a ambulan, na biyu a aljihun wando. Na sami Injiniya a barandarsa kafin magariba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce akwai abin da nake so ya ji shi kaɗai. Ya ji. Na ga fuskarsa ta sauya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Da Hausa ya yi mini magana, a hankali. Ya ce, "Wa ya ji wannan?" Na ce Baba da Emeka. Ya ce, "Habu, ka yi mini abin da ɗan'uwa ba zai yi ba. Ba zan manta ba." Ya sa kaset ɗin a aljihu. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Ɗayan fa?"

Ku matasa za ku ce me ya hana in ce na bar shi a ofis. Na sha tambayar kaina. Mutum ya girme ni, ya gama kirana ɗan'uwa, hannunsa a miƙe, idonsa a kaina. Kunya ta kama ni, ni da aka zalunta. Na laluba aljihu na ba shi.

Ya ce maganar kweri kuma kada in damu. In rubuta kawai cewa kuskure ne daga wurina, in ba da haƙuri, don a rufe zancen, shi zai zare takardar daga fayil da hannunsa kafin wata ya ƙare. Kwas kuma yana nan, zai san yadda zai shawo kan Manaja. Washegari na rubuta. Layi huɗu ne: ni Habu na yarda cewa sakacina ne ya lalata kaset, ina neman afuwa. Na sa hannu. Da na gaya wa Emeka bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Kai ka rubuta a bango a ajiye biyu. Kai ne kuma ka ba da biyu." Ya fi wata bai yi mini magana sosai ba.

Sati na zagayowa Injiniya ya ce in sake buga furogiram ɗin daga littafina, mu wanke sunana. Kwana tara na yi a kai, ban fita hutun rana ko sau ɗaya ba. Ya karɓi sababbin kaset, a wannan karon ya tsaya na nuna masa komai, har auduga da sifirit, ƙofa a rufe. Ya ɗauki kwamfutar ya tafi Legas, wai zai nuna a madadina tunda ba a biya wa mai daraja ta biyu kuɗin jirgi. Ya nuna, abin ya yi. Bayan sati uku takarda ta fito a allon sanarwa: kamfani ya zaɓi Injiniya Kabiru zuwa kwas, saboda an ga aikin yana bukatar mutum mai kula. A ƙasanta akwai wata 'yar takarda, an mayar da ni tashar famfo a bakin tafkin kuza na Naraguta, in riƙa kula da injin jan ruwa.

Na je ofishinsa. Sakatare ya ce yana taro. Na koma, yana taro. Rana ta uku na tare shi a bakin mota na ce, "Ranka ya daɗe, maganar takardar fayil." Ya amsa da Turanci, yana buɗe ƙofa, cewa abin da mutum ya rubuta da hannunsa ya sa hannu, shi ba shi da ikon cire shi. Na je wa Baba Hedima. Tsohon nan ya yi kuka da hawaye, ya ce in yi haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse. Na dafa kuwa, romon dai wani ne ya sha. Ƙungiya ta mutu a watan, tunda na'urar ta bi mai ita. Na yi shekara shida a bakin tafkin nan ina sauraron injin, har kamfani ya rufe aka sallame mu, ina mai daraja ta biyu kamar yadda na shiga. Sai da na kusa arba'in na sake taɓa kwamfuta, a shagon wani yaro da ya ɗauke ni gyaran waya.

Bayan shekara ashirin da wani abu muka haɗu a wurin ɗaurin aure. Ya zama babban mutum, ana kiransa ko'ina ya yi jawabi a kan yadda ya fara kawo kwamfuta garin nan. Ya gane ni, ya rungume ni, ya riƙe hannuna ya ja ni wurin abokansa. Ya ce, "Ku ga Habu, yarona ne a kamfani. Shi ne ya taɓa shafe mana kaset ranar da Manaja ya zo daga Legas. Kai, ranar na ji kunya! Ƙuruciya ce. Amma tuni na yafe masa." Suka yi dariya. Na dubi ƙwayar idonsa ina neman alamar ya san ƙarya yake yi. Babu. Ya faɗa ya faɗa har ya zauna masa, da gaske yake ya yafe mini. Kun san abin da na ce? Na ɗan rusuna na ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe." Bakina ne ya faɗa kafin in hana shi. Maganarsa ba ta ƙona ni kamar godiyar nan ba.

To ga shawarata, ku masu sha'awar na'ura. In za ku rubuta wa mutane ƙa'ida, ku rubuta ta don wanda ba zai taɓa tambayarku ba, shi ne zai yi ɓarnar. In na sama da ku ya yi kuskure, ku taya shi gyarawa, ku rufa masa asiri ma in kun ga dama, ban hana ba. Amma kada ku sa hannu a takardar da ta ce ku ne. Abin da aikin nan ya koya mini game da mutanensa ke nan: laifin da ka ɗaukar wa wani aro, da zarar ya ji daɗin sauke nauyin, ba ya dawowa karɓa. Na Injiniya yana nan a wurina shekara arba'in da 'yan kai, ina jiran ranar da zai ce in kawo. Bara ya rasu.